Ranar Hawan Yesu Sama: ta Katolika ce kaɗai?

Ɗan Agege: Salama a gare ku. Ranar Alhamis maƙwabcina ɗan Katolika ya yi sammako ya tafi coci, ya ce bikin Hawan Yesu sama ne. Ni dai a ganina al'adarsu ce kawai, Littafi Mai Tsarki bai ce a yi ba.

Baba Dattijo: Ɗana, ita Kirsimeti a ina aka ce a yi? Buɗe Ayyukan Manzanni 1:3. Kwana 40 Ubangiji ya yi yana bayyana ga almajirai bayan tashinsa daga matattu, kafin ya hau sama. Ƙirga daga Lahadin Ista, kwana na 40 kan Alhamis yake faɗawa, kowace shekara. 'Yan Angilikan ma suna kiyaye ranar.

Maman Zumunta, Idi-Araba: Baba, Allah ya ƙara girma. Abin yana damuna ƙwarai. Litinin ɗin Ista 'yan'uwanmu Yarbawa kan cika motoci su tafi wurin taron da suke kira "Galili", da kulolin shinkafa da ganguna, saboda Matiyu 28:10, inda Yesu ya ce 'yan'uwansa su tafi Galili su gan shi. Mu kuwa muna cire ankon Ista, shi ke nan, shiru. Bara na tambayi jikata mene ne Fentikos, ta ce sunan wani coci ne, alhali ranar saukowar Ruhu Mai Tsarki ce. Sai da na yi hawaye.

Direban Danfo: Mama, gaskiya ne, amma nan Legas ce fa. Juma'a da Litinin na Ista kaɗai gwamnati ke ba da hutu. Wanda ya baro Ikorodu ƙarfe 5 na asuba, ya dawo cikin cunkoso bayan ƙarfe 9 na dare, yaushe zai je sujada? A mayar da ita Lahadi mana.

'Yar Katolika, Obalende: Yayana, ɗaga biki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Zagayen Jiki da Jinin Kristi ma sai Nuwamba muke yi, saboda damina. Amma wannan Alhamis daban take. Daga ita zuwa Fentikos kwana 10 ne, lokacin da mutum wajen 120 suka duƙufa ga addu'a a Urushalima suna jiran Ruhu Mai Tsarki. In aka ɗaga ta, jiran ya gajarta.

Ɗan Agege: Na ji lissafin, Baba, na kuma karɓa. Amma cewa wajibi ne, har yanzu ban gamsu ba.

Baba Dattijo: Ban ce wajibi ba. Mu roƙi Fasto sujadar yamma, ƙarfe 7, ko ta minti 40 ce. Mama, ki kawo jikar nan ta karanta mana Ayyukan Manzanni sura ta 1.