Kashere ta girma ne, ko baƙi ne suka cika ta?

Hamma Mai POS: Assalamu alaikum jama'a. Maganar da na faɗa jiya a majalisa ita zan maimaita a nan. Kashere ta jihar Gombe ta fita daga sahun ƙauye, kuma yau baƙi sun fi 'yan asalin gari yawa. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011 gari yake ta faɗi. Inda muka yi kiwon awaki muna yara, yanzu ɗakunan haya ne a jere. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Bappa: Wa alaikumus salam. Ɗana, kai ne ka ƙirga su? Rabon da a yi ƙidaya a ƙasar nan tun 2006, shekara 5 kafin jami'ar ta zo. Ta 2023 kuwa ɗage ta aka yi. Layin masu cirar kuɗi a gaban rumfarka kake gani, kake cewa gari ne.

Hamma Mai POS: Allah ya ba ka haƙuri Bappa, amma ai ido ma mudu ne.

Adda Mai Abinci: Ku bar ni in yi magana, don ni abin ya taɓa a tukunya. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, wata 8 cur. Kafin a shiga ina dafa kwano 6 na shinkafa, kafin la'asar ya ƙare. Da yaran suka watse, kwano 1 ma sai ya kwana. Yara biyu da ke yi mini wanke-wanke na sallame su ina hawaye, akuyar da nake tanadi don auren 'yata ita na sayar na biya mai shago. Masu acaba suka koma Kumo da Gombe neman fasinja, ɗakunan hayar da kake faɗa sai ƙadangaru. Garin da takarda ɗaya daga Abuja za ta iya kwashe masa kasuwa, Hamma, ni ban san sunan da zan ba girmansa ba.

Ɗan Aji Uku: Adda, gaskiya kika faɗa, amma akwai inda maganar take ci mini rai. Ni daga Kaltungo nake. Shekarata ta uku ke nan ina biyan haya a garin nan, ina sayen ruwa wurin 'yan garuwa, a nan na yi jinyar zazzaɓi, makwabcina da ya rasu da ni aka je maƙabarta. Amma da an zo maganar gari sai a ce baƙo. Sai yaushe mutum yake zama ɗan gari?

Bappa: Ranar da ka gama karatu ka ƙi tafiya, ɗana. Ba ƙinka muke yi ba, wallahi mun ji daɗinku. Amma katin zaɓenka na ina?

Ɗan Aji Uku: Na gida, Bappa.

Bappa: To ka gani.

Malamin Firamare: Ina ganin dukanku ɗalibai kuke kallo, alhali ba su ne ma'aunin ba. Ɗalibi ruwan damina ne, zai zo zai wuce, wani ya maye gurbinsa. Ku dubi waɗanda suka biyo ɗaliban: mai walda, mai kemis, mai gyaran waya, birkila, mai gadi, mai shagon buga takardu. Da iyalansu suka zo. A da ajina Hausa da Fillanci kawai ake ji a lokacin tara. Yanzu akwai yaro Batangale, akwai ɗan Waja, akwai 'yar Bayarabe da ke Hausa kamar a nan aka yanke mata cibiya, kuma a nan ɗin aka yanke. A yajin aikin da Adda ta ambata, yaran nan ba su je ko'ina ba, kullum suna amsa kiran suna. Samaru ta Zariya ma a hankali ta bunƙasa a gefen Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe tun 1962. Mu da Gadau ta jihar Bauchi shekara ɗaya aka ba mu jami'a, har yanzu jarirai ne.

Goggo: Malam, jaririn nan ya cinye mana gonaki. Ƙanina ya sayar da tasa lokacin da fili ya fara kuɗi, ya sayi babur ya ƙara aure. Wanda ya saya ya zuba ɗakuna, a Gombe yake zaune, sau ɗaya a shekara yake aiko yaro karɓar haya. Ƙanina yanzu masara awo yake yi. Kuɗin hayar nan ko kwana ba ya yi a Kashere, ta hanyar Pindiga yake fita.

Hamma Mai POS: Goggo, wannan kam ban musa ba, don da yawa ta hannuna ake tura shi. Ma'aikata ma da dama safe su zo, yamma su koma Gombe. Amma 'yarki ba a nan ta yi digiri tana kwana a ɗakinki ba? Da sai Maiduguri ko Bauchi, kuma kin san mahaifinta ba zai bari ba.

Goggo: Haka ne, ba zan yi wa Allah butulci ba. Mata da yawa a zuri'armu ta wannan ƙofa suka samu karatu.

Bappa: Na janye rabin maganata, rabi kawai. Cewa baƙi sun fi mu yawa, har yanzu ban yarda ba. Malam, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ka zo ƙofar gidana ka faɗa mini yara nawa ne a ajinka iyayensu ba 'yan nan ba, da nawa ne a cikinsu iyayen suka gina gidan kansu.

Malamin Firamare: In sha Allahu Bappa. Zan tambayo na aji ɗaya da na aji shida ma, don a ga bambanci.