Ina son sayen bindiga mai sakata, kuma ina son in riƙa ɗura harsashina da kaina

Ɗan Bauchi a Wiskonsin

Assalamu alaikum, 'yan'uwa maharba. Shekarata ta bakwai ke nan a jihar Wiskonsin ta Amurka, kuma shekaru biyu da suka wuce na fara bin wani abokin aikina farautar barewa a kwanaki taran da jihar ke buɗe wa masu bindiga a ƙarshen watan Nuwamba. Duk tsawon wannan lokaci da bindigar aro nake fita, har abin ya fara ba ni kunya, domin mai ita yakan haƙura ya ɗauki tsohuwa ya bar mini sabuwa. Na gama kwas ɗin koyar da farauta, ina da katin zama na dindindin, kuma na tara dala 1,500 domin bindiga da madubin saitinta.

Hankalina ya rabu tsakanin bindigogin Tikka T3x da Savage 110 da Ruger American, sannan ban yanke hukunci tsakanin harsashin .308 Winchester da 6.5 Creedmoor ba. Abu na biyu, wanda shi ya fi jan zuciyata, shi ne ina son in koyi ɗura harsashi a gida, wato sake zuba albarushi da sabuwar ƙwaya a kwanson harsashin da aka riga aka harba, saboda na ji an ce harsashin da mutum ya auna wa bindigarsa ya fi na kanti dacewa da saiti. Mahaifina maharbi ne, da adaka yake farauta, kuma ina yaro na sha ganinsa yana auna albarushi a tafin hannu yana dannawa da sanda, don haka ina ganin abin ba zai zame mini baƙo ba. Da wanne ya kamata in fara, kuma waɗanne kaya zan saya?

Dattijon Teksas

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya albarka. Zan fara da maganarka ta ƙarshe, domin ita ce ta tayar mini da hankali. Albarushin da mahaifinka yake aunawa a tafin hannu baƙin albarushi ne na dauri, wanda ke yafe ɗan ƙari ko ɗan ragi. Wanda ake zubawa a harsashin zamani marar hayaƙi ne, kuma a cikin .308 ko 6.5 Creedmoor matsin da yake haifarwa yana iya kaiwa fam 62,000 a kan kowane inci murabba'i, wanda shi ne iyakar da ƙungiyar SAAMI, mai tsara ƙa'idojin bindigogi da harsasai a Amurka, ta tsayar wa harsasan biyu. A nan da sikeli ake aiki, ma'aunin kuma giren ne, wanda sai an tara 7,000 kafin a sami fam ɗaya, kuma kuskuren giren biyu ko uku a saman iyaka yana iya raba mutum da ido ko yatsu. Ka riƙe natsuwar mahaifinka, amma ka bar masa tafin hannunsa.

Game da bindiga, duk ukun da ka lissafa suna harbi fiye da yadda yawancinmu muke iya riƙe su. Ni Tikka nake da ita, wadda kamfanin Sako ke ƙerawa a ƙasar Finlan, kuma abin da ya sa nake yabonta shi ne santsin sakatarta da taushin kunamarta. Savage 110 tun 1958 ake yin ta, tana da kunamar AccuTrigger wadda mutum zai iya daidaitawa da kansa. Ruger American ta fi su araha, sai dai gindinta na roba ya cika laushi. Ka je kanti ka ɗora kowacce a kafaɗa, ka ja sakatar, ka ɗauki wadda idonka ya faɗa daidai bayan madubi ba tare da ka miƙa wuya ba. Kada ka zuba kuɗin duka a bindiga, ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku domin madubi da zobban da ke riƙe shi, saboda yawancin bindigogin da na ga ana zagi a filin harbi, laifin na sukurori ne da ba a ɗaure daidai ba.

Harsashi kuwa, ni ɗan .308 ne. Tun 1952 yake kasuwa, babu ƙauyen da za ka shiga kanti ka rasa shi, kwansonsa yana da arha, kuma bututun bindiga yakan daɗe da shi fiye da yadda yake daɗewa da 6.5.

Shawarata a kan ɗuri ita ce kada ka fara a bana. Ka sayi kwali uku ko huɗu na harsasan kanti iri daban-daban, ka harbe su a yadi 100, ka ga wanda bindigar ta fi so, ka kuma adana kwansunan, domin su ne jarinka. Kafin injin matsa kwanso da ake ɗuri da shi, ka sayi littattafan ɗuri guda biyu, na Lyman da na Hornady, ka karanta babin farko na kowanne har sau biyu. Bayan haka sai inji mai yin aiki ɗaya a lokaci ɗaya, irin RCBS Rock Chucker, da kayan gyaran kwanso na harsashin da ka zaɓa, da sikeli mai kyau, da ma'aunin tsawo mai nuna kashi ɗaya cikin dubu na inci, da abin datse bakin kwanso, domin kwanso yana ƙara tsawo duk lokacin da aka harba shi aka sake matse shi. Na .308 ba a barinsa ya wuce inci 2.015, akan datse shi ya koma 2.005.

Ba zan rubuta maka adadin albarushi a nan ba, kuma duk wanda ya rubuta maka a intanet kada ka ɗauka sai ka gan shi a littafi. Ka fara daga adadi mafi ƙanƙanta da littafin ya bayar, ka riƙa hawa kaɗan-kaɗan, kana duba kwanson bayan kowane harbi. Idan sakata ta yi nauyin ɗagawa, ko makunnin da ke gindin kwanso, wanda ke kunna albarushi, ya baje, ko ka ga wani tabo mai sheƙi a gindin, to ka tsaya nan take. Mu a Teksas zafi ne ke koya mana hankali, domin ɗurin da ya yi lafiya a watan Janairu yana iya yin zafin rai a watan Yuli.

Injiniya Mai Lissafi

Na yarda da duk abin da Baba Dattijo ya faɗa a kan kiyaye lafiya, amma ina neman afuwarsa zan saɓa masa a wurare biyu. Na farko, ga wanda bai daɗe da fara harbi ba, 6.5 Creedmoor ya fi sauƙin koyo saboda shurinsa a kafaɗa bai kai na .308 ba, kuma shuri shi ne ke sa sabon maharbi runtse ido da fizgar kunama tun kafin harsashi ya fita. Kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007, bindigoginsa galibi murɗiyar cikin bututunsu juyi ɗaya ce a kowane inci 8, abin da ya sa suke daidaita doguwar ƙwayar harsashi mai nauyin giren 140 ba tare da wahala ba. A dazukan Wiskonsin, inda da wuya ka yi harbin da ya kai yadi 200, barewa ba za ta san bambancin su biyun ba, don haka ka zaɓi wanda za ka iya harba sau arba'in a zama ɗaya ba tare da kafaɗarka ta ƙosa ba.

Na biyu shi ne batun gwaji. Mutane sukan harba uku, su ga ramukan sun taru wuri ɗaya, sai su ɗauki hoto su ce sun samo ɗurin da ya dace. Harsashi uku ba sa tabbatar da komai, sa'a kawai tana iya tara su, kamar yadda take iya warwatsa su. Ni na ɓata kusan shekara guda da fam biyu na albarushi ina bin irin wannan, daga baya da na harba ashirin-ashirin daga ɗurin da nake kira mafi kyau da wanda nake kira mafi muni, sai na ga tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. Yanzu ba na yanke hukunci a kan ƙasa da harbi goma, ina barin bututu ya huce tsakani, kuma ina auna gudun kowane harsashi da na'ura in rubuta. Abin da ya fi canza sakamako a wurina shi ne irin ƙwayar harsashin da irin albarushin, kamar H4350 ga 6.5 ko Varget ga .308, waɗanda dukansu ba sa yawan canzawa da sanyi ko zafi, abin da zai amfane ka a sanyin Nuwamba. Idan harbi goma ya taru cikin inci ɗaya da rabi a yadi 100, bindigar farauta ta gama aikinta, sauran gyaran na hannunka ne.

Maman Hanif

Yaya, ni mijina ne ke ɗuri, ni kuma nake tsaron gidan, don haka ga abin da ba su faɗa maka ba. Kada ka taɓa ajiye gwangwanin albarushi fiye da ɗaya a kan tebur, kuma ka rubuta sunansa a jikin mazubin, domin zuba albarushin ƙaramar bindiga a kwanson babba shi ne kuskuren da ke tarwatsa bindiga. Ƙurar da ke fita wajen wanke kwansuna tana ɗauke da dalma, saboda haka ka nisanta aikin daga ɗakin girki da inda yara ke wasa, ka kuma wanke hannu kafin cin abinci. Idan iyalinka za su ci naman, ka duba ƙwayar harsashi ta jan ƙarfe zalla, wadda tun Yulin 2019 irinta marar dalma ce kaɗai aka yarda a yi farauta da ita a Kalifoniya. Sannan ka sani cewa ɗura wa kanka halal ne a dokar tarayya, amma mayar da shi sana'a kana sayarwa sai da lasisi, kuma kada ka yi gigin sa ko kwanso ɗaya a jakarka idan za ka tafi gida Najeriya.

Ɗan Bauchi a Wiskonsin

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na je kanti na ɗora dukansu a kafaɗa, kuma Tikka ce ta zauna mini, don haka na cike fom 4473 na gwamnatin tarayya da mai sayen bindiga ke cikewa, aka yi binciken FBI, na ɗauko ta a 6.5 Creedmoor. Baba, ka yi haƙuri, hujjar Injiniya a kan shuri ce ta rinjaye ni. Na sayi littafin Lyman da kwali uku na harsasai, injin kuma na bar shi sai bayan farautar bana. Tambaya ɗaya ta rage: kwansunan daga kamfanoni uku suke, zan iya haɗa su wuri ɗaya in ɗura?

Dattijon Teksas

Allah ya sa ta zama mai albarka, ba komai, 'ya'yana ma duk sun guje mini sun koma 6.5. Kada ka haɗa kwansunan, domin kaurin tagullar kowane kamfani daban ne, kuma wanda ya fi kauri cikinsa ya fi ƙunci, adadin albarushi ɗaya zai fi matsi a cikinsa. Ka duba tambarin da ke gindin kowanne, ka ware su a robobi uku, ka rubuta a jiki sau nawa aka harba su. Ka kuma leƙa ramin makunnin, domin kwanson 6.5 Creedmoor wasu kamfanoni da ƙaramin makunni suke yin sa, wasu da babba, sai ka tabbatar da wanda ke hannunka kafin ka je saye.