Masassara ta sauka, ƙuraje sun fito: baƙon dauro ne ko roseola?

Assalamu alaikum iyaye mata da ma'aikatan lafiya, don Allah ku taimaka min da shawara. Ɗiyata mai wata 11 ta yi kwana uku da masassara mai zafi, har 39.5 na gani a ma'auni. Mun je asibiti nan Sakkwato, gwajin maleriya bai nuna komai ba, aka ce in ba ta farasitamol da nono akai-akai.

Jiya jikin ya yi sanyi, na yi hamdala. Da safe ina cire mata riga sai ga ƙananan ƙuraje jajaye-jajaye a ƙirji da baya, sun fara hawa wuya. Ba ta susa, in na danna da yatsa sai su dushe. Idonta bai yi ja ba, babu tari, har wasa take yi.

Inna, uwar maigidana, ta dage baƙon dauro ne, kada in yi mata wanka, a jiƙa mata magani. Maƙwabciyata nas ta ce roseola ce, wata cutar ƙananan yara da ke fito da ƙuraje bayan masassara ta sauka, za su ɓace da kansu cikin kwana biyu ko uku. Yarinyar dai ta karɓi rigakafin wata tara, wanda ya haɗa da na baƙon dauro.

Ta yaya zan bambance su? In yi mata wankan? Kuma wace alama zan gani in koma asibiti da gaggawa? Ba na son saɓa wa Inna, amma hankalina bai kwanta da jiƙon nan ba.