Magatakardan birni kuma limamin majami'a

Ɗalibar Tarihi: Malamai, na karanta cewa Johannes Rothe, wanda ya rasu a Eisenach ta Jamus a 1434, ya yi wa majalisar birnin aikin magatakarda, ya kuma zama limami a majami'ar Maryamu. Ta yaya mutum ɗaya ya riƙe duka biyun?

Tsohon Malami: 'Yata, a wancan zamani galibin masu iya Latinanci a makarantun coci suka koya, shi ya sa majalisa kan nemi irinsu su rubuta wasiƙu da yarjejeniyoyi a kan fata, a buga hatimin kaki.

Mai Nazari: Malam ya yi gaskiya. Kujerar majami'a kuma tana zuwa da rabo daga amfanin gonakinta, wanda a ganina shi ya ba Rothe sukunin rubuta tarihin yankin Thuringia da Jamusanci.