Neman kalmar Hausa: wane suna zai haɗa Game Boy da PSP da DS?

Mai shirin matasa, Katsina: Assalamu alaikum. Gobe da la'asar akwai shiri a rediyo kan wacce ta fi a cikin na'urorin wasan bidiyo da ake riƙewa a hannu. Ina neman suna ɗaya da zai haɗa su, ya kuma raba su da irin PlayStation da ake jonawa da talabijin. Malamai a taimaka kafin dare.

Mai gyara, Ƙofar Ƙaura: Wa'alaikumus salam. Gem na hannu, haka masu kawo gyara ke cewa. Wacce ta fi kuwa Game Boy ce, wadda kamfanin Nintendo ya fitar a 1989. Batir AA huɗu take ci, ta wuce awa goma ba ta mutu ba, don allonta ba launi, ba fitila a bayansa. Game Gear ta kamfanin Sega batir shida take sha, awa uku zuwa biyar ta cinye su, saboda kwan fitilar da ke haska allon. Kafasitocinta kuma, wato ƙananan sassan da ke riƙe wuta a cikinta, suna yoyo idan sun tsufa, sauti ya ɗauke, hoto ya dushe. Ciwon Game Boy sananne ne: layuka a tsaye a kan allo, don siririn igiyar da ke ƙasan gilashin ta saki. A ɗaga robar da ke kanta, a bi ta a hankali da ƙarfen soda mai zafi, layukan su koma.

Malamin Hausa, Daura: Ɗana, aikinka ka sani, amma "gem" ba Hausa ba ce. Yadda aka ce tafi-da-gidanka, sai a ce tafi-da-wasanka. Ginin ɗaya ne, kuma duk Bahaushen da ya ji zai fahimci abin ɗauka ne a aljihu.

Malama mai fassara: Ranka ya daɗe, ginin ya yi kyau, sai dai ina jam'insa? Shirin zai ambaci na'urori huɗu ko biyar a jere. Ita kanta tafi-da-gidanka ai "waya" ta ture ta a bakin mutane. "Gem" ma da nata aibin: yaro kan ce "gem ɗina ya lalace" yana nufin na'urar, ya ce "sa mini wani gem" yana nufin wasan. Ni ina ganin na'urar wasa ta hannu, jam'i na'urorin wasa na hannu. Kada dai a taƙaita a ce "wasan hannu", wannan kokawar raha ce da mangare.

Ɗalibin injiniya: Na bi bayan Malama. Amma Yaya mai gyara, DS ta 2004 ta sayu kimanin miliyan 154, Game Boy da Game Boy Color a haɗe kimanin miliyan 118. Allo biyu, na ƙasa ana taɓa shi da tsinke.

Mai gyara: Ƙanena, allo biyun nan su ne rauninta. Maƙalar murfin DS Lite, wato ƙaramin samfurin DS, tsagewa take yi, igiyar allon sama kuma ta cikinta ta bi. In ta tsinke, kana kunnawa sai ta yi walƙiya ta mutu. PSP kuwa hoto ya fi kyau, amma batirinta kumbura yake har ya ɓalle murfin baya, injin da ke juya faifan UMD kuma yana ƙara cin caji.

Malamin Hausa: An bar zancen kalma an koma batir. Abin da ke damuna ke nan. Daura tushen Hausa, a ce 'ya'yanmu na aron "gem" daga bakin kasuwa a sa a rediyo? Gobe a ce ita ce daidaitacciya, kamar yadda aka ɗauki Kananci aka ɗora mana.

Malama mai fassara: Allah ya ba Malam haƙuri. Kasuwar ma daga Barebari muka same ta, littafi daga Larabawa. Aro ba abin kunya ba ne in kalmar ta zauna daidai. Ban ƙi "gem" don aro ba, sai don tana da ma'ana biyu.

Malamin Hausa: "Na'ura" ma ai aro ce, kuma sunanku ya yi tsawo, gaɓa takwas. Tafi-da-wasanka shida.

Ɗalibin injiniya: Baba, waya ma ana tafiya da wasa a cikinta, to ita ma tafi-da-wasanka ce? Sannan Switch ta 2017 fa, da ake riƙewa a hannu a kuma ɗora ta a mazauninta ta fito a talabijin?

Mai shirin matasa: Na gode ƙwarai. Zan buɗe da "na'urar wasa ta hannu, wato gem na hannu", daga nan in ci gaba da "ta hannu" da "ta talabijin". Abin da ake zura wa Game Boy kaset, na DS kati, na PSP faifai. Switch zan ce tana yin duka biyun, tunda ba mu samo mata suna ba. Malam, zan ambaci tafi-da-wasanka sau ɗaya in ji abin da masu bugo waya za su ce.

Malamin Hausa: To, a ambace ta tun farkon shiri, ba a ƙarshe ba lokacin da mutane sun tashi sallar magariba. "Gem" ɗin dai ban yarda da ita ba.