Neman kalmar Hausa: me za mu kira "brake bias"?

Assalamu alaikum, malamai masana harshe da iyayen gidanmu makanikai. Ina rubuta bayani a kan ƙara wa mota ƙarfin birki, sai na ci karo da kalmar da Turawa ke cewa "brake bias", kuma ina so mu tsayar da Hausarta tun kafin kowa ya riƙa faɗin tasa.

Ga abin da kalmar take nufi. Idan direba ya taka birki, nauyin mota yana zubowa gaba, shi ya sa hancinta ke dukawa, fasinjoji kuma su rusuna. A wannan lokacin tayoyin gaba sun fi kama ƙasa, na baya kuwa sun yi sauƙi. Saboda haka masu ƙera motoci ba sa raba ƙarfin birki biyu daidai; a yawancin ƙananan motoci gaba ce ke ɗaukar kimanin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na aikin tsayarwa. Idan ƙarfin ya yi wa baya yawa, tayoyin baya ne za su fara ƙamewa, mota ta juya da mutum ta fuskanci inda ta fito. Idan kuma ya yi wa gaba yawa, tayoyin gaba za su ƙame, sitiyari ya daina jin magana, motar ta zarce ta ƙara nisa kafin ta tsaya. Wannan kason da aka bai wa gaba da wanda aka bai wa baya shi ne abin da muke nema wa suna.

Kalmar da ta fara zo mini ita ce "daidaiton birki", kuma na san da yawa za su zaɓe ta saboda daɗin faɗi. Ni dai ban gamsu da ita ba. Bahaushe idan ya ji "daidai" sai ya ɗauka kunnen doki ne, rabi nan rabi can, alhali a motar hawa ta yau da kullum rabi da rabi shi ne haɗarin da ake gudu. Ban da haka, a gareji idan aka ce a daidaita birki, abin da ake nufi shi ne a gyara shi don kada mota ta ja hagu ko dama, ko a ɗaure birkin hannu. Wannan wani aiki ne daban.

"Karkatar birki" ma ba ta yi ba, domin duk wanda ya ji ta zai zaci matsala ce ta samu motar. Fassarar ƙamus ta kalmar "bias", wato "son kai" ko "nuna bambanci", kuwa ta shari'a ce da aikin jarida.

Abin da nake ba da shawara shi ne "rabon birki". Dalilina shi ne mun riga mun san rabon da ba a yin sa kai ɗaya amma kuma shi ne adalci, kamar rabon gado, inda kowa ke samun kason da ya cancance shi. Kalmar tana karɓar lissafi ba tare da wahala ba: ana iya cewa rabon birkin wannan mota 65 gaba ne, 35 baya. Sannan idan ana son nuna ɓangaren da ya fi, muna da "rinjaye" daga harshen masu awo da sikeli, sai a ce birkin ya rinjaya gaba, ko rinjayen ya koma baya. Na san wani zai ce "rabo" yana nufin sa'a ko abin da aka ƙaddara wa mutum, to amma da zarar an haɗa shi da birki babu mai ruɗewa, kamar yadda ba a ruɗewa da rabon kwana da rabon taki.

Amfanin wannan zaɓi yana fitowa idan aka zo sassan da ke yin aikin. Tsofaffin motoci suna da bawul da ke rage matsin man birki mai zuwa baya idan an taka da ƙarfi, sai mu kira shi "bawul ɗin rabo". A motocin ɗaukar kaya irin su a-kori-kura akwai wanda aka haɗa da ƙafar baya da ɗan ƙarfe, yana ƙara wa baya kaso idan an yi lodi, yana ragewa idan motar ba komai, kuma makanikan da suka daɗe suna taɓa Peugeot 504 sun san shi. Motocin zamani sun miƙa aikin ga na'urar EBD, wadda ke aiki tare da ABS, tsarin hana tayoyi ƙamewa idan an taka birki, wanda kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da na lantarkinsa kasuwa a 1978. Ita EBD sai mu ce "rabon birki na lantarki". A tseren motoci na Formula 1 direba da kansa yake sauya rabon daga kan sitiyari tsakanin wannan kwanar hanya da ta gaba.

Abin da ya sa na damu da samun kalma shi ne abin da nake gani ana yi. Mutum zai sayo manyan faifan birki da mamatsai masu ƙarfi (ƙarafan da ke matse faifan) ya sa a gaba kaɗai, ya bar gangar birkin baya yadda take, ko ya cire gangar baya ya sa faifai ba tare da ya taɓa bawul ba, yana ganin ya ƙara lafiyar motarsa. Babban faifai yana taimakawa wajen jure zafi a doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, wannan gaskiya ne, amma iyakar tsayuwar mota tana ga kamun taya da ƙasa, kuma idan rabon ya lalace motar na iya ƙara nisan tsayawa. Makanike ba zai iya gargaɗin mai mota a kan haka cikin sauƙi ba idan abin ba shi da suna a bakinsa.

Wani abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne Faransanci yana cewa "répartition de freinage", wato rabon birki kai tsaye. Don haka ina roƙon 'yan'uwanmu makanikan Maraɗi da Damagaram su gaya mana yadda suke faɗinsa a gareji, haka ma na Panteka a Kaduna da na Ƙofar Ruwa a Kano. Idan akwai kalmar da ta riga ta zauna a bakin masu sana'a, ita za mu bi, in janye tawa.