Mamari ko gura: wanne ya hi kama kihi a tabkin Madarunfa?

Ɗan Madarunfa: Salamu alaikum jama'a. Wallahi raina a ɓace yake. Jiya da marece na shimfiɗa mamari, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa, na sa tana da hanjin kaza don tarwaɗa da dare take kiwo kuma wari take bi, da asuba na je dubawa na iske wani ya jera gura, tarkon kihin nan da ake saƙawa, bisa layina igiya duk ta sarƙe. Ni dai na ce mamari ya hi gura kamun babban kihi, mu da muka gaji su mun san haka.

Mai Gura: Gado? Yaya wane gado kuma, kowa ya san gidanku noman gero ake yi.

Ɗan Madarunfa: Kakana na wajen uwa masunci ne, je ka tambaya.

Na Tibiri: To ai gadon sana'a ta wajen uba ake ƙirga shi, ba ta wajen uwa ba.

Mai Gura: Yawwa. Kuma in gado ne ke kama kihi mi ya sa ni da na koya da girmana nake cika bahu da karfasa? Dusa kawai nake damawa in dunƙule in jefa cikin gura in aje ta bakin ciyawa inda ruwa bai da zurhi, shi ke nan.

Baba Tsoho: Ku yara ku bi a hankali. Gado ba ƙarya ba ne, wanda ya tashi cikin su ya san ruwa, ya san inda ƙurungu ke kwana, ya san yadda ake riƙe shi ƙayarshi ba ta soke hannu ba. Kuma ita karfasar da kake cika bahu da ita wace iri ce, ba 'yan ƙananan nan ba da ba su kai tahin hannu ba? Mu a da kalli, wato ragar kamun kihi, in idonshi bai ci yatsa ukku ba ba ya shiga ruwa.

Mai Gura: Baba Allah ya ba ka haƙuri amma ba mu ke kwashe ƙanana ba, masu ja da gidan sauro ne, su za a yi ma magana.

Ɗan Gulbi: Ku bar zancen gado, tun da aka yi dam ɗin Jibiya gulbin Maraɗi bai kawo ruwa kamar da, ga yashi na cike tabki.

Na Tibiri: Kai kullum Jibiya Jibiya, don matarka 'yar can ce ta yi yaji.

Ɗan Gulbi: Kar ka sako iyalina. Biya ni jika biyun ƙugiyoyin da ka ɗauka tun kahin azumi.

Na Tibiri: Ƙugiyoyin da duk suka yi tsatsa?

Ɗan Madarunfa: Jama'a ni fa tambayata mamari da gura ce, kuma wa zai biya ni igiyata?

Admin: To ya isa haka. Abin da na fahimta, mafi yawa sun yarda gura ta hi, don dusa ba tsada kuma kihi na hitowa da rai, ka kai kasuwa da daraja. Zancen gado ba a kawo hujja ba. Maganar igiya Ɗan Madarunfa ka kai ma sarkin ruwa. Mai son gura ya same ni, akwai sabbin saƙa a wajena.